Sabuwar kuka na kashe wutar gida: kada a taɓa bireka tukuna

 Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wata uwargida a Agege, Legas, kuma na zaɓe ta saboda abin da ta kawo yana faruwa a gidaje da yawa, sai dai ba a ɗauke shi batun lafiya ba sai bayan ɓarna ta auku. Ga abin da ta ce:

“Anti, barka da aiki. Wata biyu ke nan da bikin ƙanwata. Cikin kayan ɗakinta akwai kukar lantarki mai baki huɗu da obin, sabuwa dal a kwali. Tun ranar da aka haɗa ta, duk sanda ta ɗora girki sai wutar gidan ta ɗauke, alhali maƙwabta na da tasu. Sai mijin ya je akwatin wuta ya ɗaga wani abu sannan ta dawo. Sun kira mai gyara, ya ce birekar ce ta yi ƙarama, a ba shi kuɗi ya sa babba, ko kuma ya zarce da waya ya tsallake ta gaba ɗaya kowa ya huta. Mijin ya ce kuɗin ba yawa, a yi kawai. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Mece ce shawararki?”

’Yar’uwa, gara da hankalinki bai kwanta ba. Ki kira ƙanwarki yau, ki ce mata kada a sa babbar bireka, kada kuma a tsallake wadda ke nan. Idan har an riga an yi, a daina amfani da kukar sai an mayar da abin yadda yake.

Dalili shi ne mutane da yawa sun ɗauka bireka na kare kayan wuta ne, ko kuma wata fitina ce da masu gini suka liƙa a bango. Ainihin aikinta shi ne kare wayar da ke binne cikin bango da wadda ta bi ta silin. Kowace waya tana da iyakar wutar da za ta iya ɗauka gwargwadon kaurinta. Idan aka ɗora mata fiye da haka sai ta yi zafi, robar jikinta ta yi laushi, ta narke, a ƙarshe ta kama da wuta a inda ido ba ya gani. Ana zaɓar girman bireka ne daidai da kaurin wayar, don ta yanke wuta kafin wayar ta kai ga haka. To idan aka bar siririyar waya a bango aka sa mata ƙatuwar bireka, girki zai tafi lafiya lau, mai gyara ya karɓi kuɗinsa da godiya, amma wayar ce ke gasuwa a kullum. Kamar mutum ne ya kori mai gadi saboda ihunsa na “ɓarawo” na hana shi barci.

Bari mu yi ɗan lissafi, ba mai wuya ba ne. A bayan kowane kayan wuta akwai ’yar takarda ko ƙarfe da aka rubuta yawan wat ɗin da yake ci. Wutar gidajenmu a Najeriya bolt 230 ce. Idan kika raba wat da 230, abin da ya fito shi ne amfiya, wato nauyin da ke bi ta cikin waya. Bakin kuka ɗaya yakan ci wat 1,000 zuwa 2,000, obin kuma wajen 2,000 zuwa 2,500. Mu ƙaddara bakuna huɗun sun haɗu sun ba da 6,000, obin ya ƙara 2,500, jimilla 8,500. A raba da 230, an samu kusan amfiya 37. Shi kuwa soket ɗin bango mai ƙafa uku da muka saba da shi, iyakarsa amfiya 13, wato bai kai wat 3,000 cif ba. Kin ga ke nan kuka irin ta ƙanwarki ta ninka ƙarfin soket kusan sau uku.

Shi ya sa babbar kuka ba ta zuwa da fulogi. Ba mantuwa kamfani ya yi ba. Ana so ne a ja mata layinta ita kaɗai tun daga akwatin wuta, da waya mai kauri, galibi mai lamba 6, wani lokaci 10 idan kukar babba ce ko tafiyar da nisa, da birekarta ta amfiya 32 ko 40, da makunninta na musamman a bangon kicin, irin mai jan maɓalli da aka rubuta wa 45A, a gefe, inda hannu zai kai ba tare da an miƙa shi ta saman tukunya ba. Abin da na sha gani kuwa shi ne mai gyara ya sayo fulogi ya ɗaura mata, ko ya jona ta a bayan soket ɗin firji da waya mai lamba 2.5, wadda aka yi domin soket. Mafi muni shi ne a jona ta a ekstenshan.

Masu ƙera kuka suna lissafi da cewa ba duk bakunan ke jan wuta a lokaci guda ba, kowane na kamawa yana saki. To amma girkinmu ba irin na masu soya ƙwai cikin minti biyar ba ne. Wake ne, ganda ce, ƙafar sa ce, tukunyar tuwo ce ta mutum goma, komai a kan lamba ta ƙarshe na tsawon sa’o’i. Don haka a ganina gara a ba wa waya rara da a yi mata ƙwauro.

Yanzu mu koma kan yadda za a gane ciwon. Ɗaukewar wuta ba iri ɗaya ba ce, kuma yadda ta ɗauke shi ke nuna inda matsalar take. Wasiƙar ba ta faɗi wane abu ne mijin ke ɗagawa ba, kuma a nan rabin amsar take. Don haka in ta sake ɗaukewa, kafin a ɗaga komai, a haska tocila a duba akwatin da ido. Za a ga jerin ƙananan bireka, kowace da lamba a jikinta kamar C16, C20 ko C32. Lambar ita ce amfiyar da take ɗauka. A wasu gidajen kuma akwai wata mai faɗi, mai ɗan maɓalli da aka rubuta T a kansa, an kuma rubuta 30mA a jikinta. Masu gyara na kiranta RCD ko ELCB. Ita ba nauyi take aunawa ba, yoyon wuta take nema. A lura wacce ce ta faɗi, a kuma lura da lokacin: nan take ne da kunnawa, ko sai girki ya yi nisa?

Idan ƙaramar bireka ce ke faɗuwa bayan minti goma ko ashirin, musamman in an ƙara baki na uku, ko wani ya kunna dutsen guga ko hitar ruwa, to nauyi ne ya yi yawa. A cikin birekar akwai wani ɗan ƙarfe da ke lanƙwashewa idan ya ɗumama, shi ya sa take ɗaukar lokaci kafin ta faɗi, shi ya sa kuma wani lokacin in an ɗaga ta nan take sai ta ƙi tsayawa sai ta huce. Wannan shi ne mafi yawan abin da ke faruwa, kuma kukar ba ta da laifi. Maganinsa sabon layi. Lura da cewa a nan ma za a sa babbar bireka, amma tare da sabuwar waya mai kauri, a kan layin kukar kaɗai. Mai gyaran ƙanwarki ya faɗi rabin gaskiya ne, ya bar rabin da ya fi tsada kuma ya fi wahala.

Idan kuwa da murɗa makunni sai a ji “fat”, wataƙila har da tartsatsi ko ƙauri, to wayoyi biyu ne suka haɗu a inda bai kamata ba. A sabuwar kuka yawanci a wajen haɗi ne a bayanta: an bar silin waya ɗaya ya leƙo ya taɓa maƙwabcinsa, ko murfin ƙarfe ya danne waya ya yanke robarta, ko an tura kukar jikin bango ta matse kebul. Wannan ba a gwada shi sau biyu. A kashe a bar shi a kashe.

A nan zan ɗan tsaya kan wani abu da masu gyara da yawa ba sa karantawa. Kukoki da dama, musamman waɗanda aka ƙera don kasuwar Turai, ana iya haɗa su da wuta mai layi ɗaya ko mai layi uku. A bayansu akwai wurin ɗaure waya biyar ko shida, da wasu ’yan guntayen tagulla da ake gadar da su daga wannan zuwa wancan gwargwadon irin wutar gidan. Zanen yadda ake yi yana liƙe a jikin murfin, yana kuma cikin littafin da ke kwali, wanda a gidajenmu yakan tafi bola tare da leda. In aka sa guntayen ba daidai ba, ko dai wasu bakuna su ƙi kamawa, ko kuma wuta ta faɗi da ƙara. Masu sayen ta hannu, wato tokumbo, su ƙara kula: kukar da aka ƙera don Amurka tsarin wutarta daban ne da namu, tana son layi biyu masu bolt 120 kowane, kuma ba kowace ce za ta zauna lafiya a gidajenmu ba ko da mai gyara ya yi dabara.

Sai na uku, wanda shi ya sa na kawo batun nan shafin lafiya. Idan mai faɗin nan ce ke faɗuwa, mai maɓallin T, kuma tana tafiya da wutar gidan duka ko rabinsa, to wuta na zurarewa ta wata hanya. Yadda take aiki shi ne tana auna wutar da ta fita ta waya ɗaya da wadda ta dawo ta ɗayar. In lafiya, daidai suke. In aka samu giɓin da ya kai 30mA, wato kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ɗaya, sai ta yanke cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa. Abin da ya sa aka zaɓi ɗan wannan adadi shi ne jikin ɗan Adam. Mutum na fara jin wuta tun a wajen 1mA. A wajen 10mA hannu na iya ƙanƙamewa ya kasa sakin abin da ya riƙe. In ta wuce 30mA ta kuma bi ta ƙirji na ɗan lokaci, tana iya hargitsa bugun zuciya. Ita ƙaramar bireka mai lamba 32 ba ta ma san ana yi ba, domin wutar da za ta kashe mutum ba ta kai ko amfiya ɗaya ba.

To me zai sa sabuwar kuka yoyo? Abu na farko danshi. Ƙarfen da ke yin ja a cikin obin, da wanda ke cikin bakunan, ba zallar ƙarfe ba ne. A tsakiyarsa akwai siririyar wayar da ke zafi, an zagaye ta da wani farin gari mai hana wuta isa ga ƙarfen waje. Garin nan yana shan danshin iska. Ki tuna tafiyar da kukar ta yi: makonni a teku, zama a tashar jirgin ruwa, zama a shago, sannan in kayan ɗaki ne wataƙila an saye ta wata shida kafin biki aka ajiye a sito ta ci damina guda. A gari mai laima kamar Legas ko Fatakwal wannan ba abin mamaki ba ne. Alamarsa ita ce obin ya kama lafiya, bayan ’yan mintuna da ya fara ɗumi sai wuta ta faɗi, kuma sau da yawa baki ɗaya ne ko obin kaɗai ke yi.

Akwai dabarar da wasu masu gyara ke yi a nan da nake so a sani don a hana. Sukan cire wayar ƙasa, wato koriya mai ratsin ɗorawa da suke kira atin, su kunna kukar ta yi zafi danshin ya ƙone. Wani lokaci yana aiki. Amma duk tsawon lokacin jikin kukar na iya zama ɗauke da wuta, a kicin ɗin da yara ke shiga, kuma na san gidan da mai gyaran ya tafi bai mayar da wayar ba, sai bayan wata uku aka gane, da ’yar aiki ta fara ƙorafin cewa kukar na jan ta. Kuka sabuwa tana da garanti. A ɗauki rasit a koma inda aka saya, su canza ƙarfen ko su canza kukar. Kuma kada a bari kowa ya kwance cikinta kafin nan, don kada mai shago ya samu abin fakewa.

Abu na biyu kuskuren haɗi ne a akwatin wuta. Idan gidan na da mai gano yoyo fiye da ɗaya, kowace tana da nata wurin ɗaure wayar dawowa, wato baƙa a tsohon tsari, shuɗiya a sabo. In mai gyara ya ɗauki wuta daga wannan ɓangare ya mayar da ita ta wancan, lissafin ba zai taɓa daidaita ba, kuma da an kunna kowane baki wuta za ta faɗi. Haka nan in wayar dawowa ta taɓa ta ƙasa a wani wuri. Gyaran minti goma ne ga wanda ya san aikinsa. Akwai kuma lokacin da kukar ba ita kaɗai ce mai laifi ba: tsohon firji na ɗan yoyo, hitar banɗaki na ɗan yoyo, injin wanki haka, kowane bai isa ya kayar da wuta ba, sai kuka ta zo ta cika mudu.

Zan faɗi wani abu da wataƙila zai ba ƙanwarki mamaki: idan wannan ce ke faɗuwa a gidanta, ta gode wa Allah da wanda ya yi wayarin gidan. Gidaje da yawa a garuruwanmu ba su da ita sam, wasu ma ba a binne musu ƙarfen ƙasa ba, ko an binne ya ruɓe. A irin waɗannan gidaje wuta ba ta ɗaukewa, yoyon sai ya zauna a jikin kukar yana jiran hannu. Shi ne za ki ji uwargida na cewa “tana ɗan ja, amma in na sa silifas ba komai.” Akwai komai. Silifas ɗin na rage wutar da ke bi ta jikinki ne kawai. Ranar da aka wanke kicin, ƙasa a jiƙe, ko yaro mai rarrafe ya dafa ƙofar obin ya miƙe, ko kika riƙe tukunya da hannu ɗaya famfo da ɗayan, lissafin ya canza. Duk kayan wutar da ke ja, ko kaɗan ne, a cire shi daga wuta a ranar.

Akwai kuma ɗaukewar da ba ta akwatin gida ba ce. Mita mai kati tana da iyakar nauyin da aka saita mata, in an wuce sai ta yanke da kanta, ta dawo bayan ɗan lokaci. Za a gane haka in an ga duk bireka a tsaye, fuskar mita na haske, amma gida duhu. Wannan na yawan faruwa a gidajen haya inda ɗakuna da yawa ke kan mita ɗaya, kuma maganinsa a ofishin kamfanin rarraba wuta yake, ba a hannun mai gyaran unguwa ba. Taɓa mita laifi ne mai tara. Batun janareta da inbata kuwa gajere ne. Ƙaramin janaretan nan na “na fi maƙwabcina” ko baki ɗaya ba zai ɗauka ba, kuma inbatar gida ba a yi ta don girki ba. A sa mai gyara ya tsara layin kukar yadda ba za ta samu wuta ba in an juya zuwa gare su.

Wasu sukan ɗora laifin a kan raunin wuta, abin da muke cewa lo-karan. Ga kuka mai bakin ƙarfe, raunin wuta ba ya kayar da bireka, jinkirta girki yake yi. In wuta ta sauka zuwa bolt 180, bakin da ke ba da wat 2,000 zai koma wajen 1,200, ruwa ya yi ta tsuwa bai tafasa ba. Amma in an bi da kukar ta sitabilaiza, to ita sitabilaizar za ta ja ƙarin amfiya don ta cike giɓin, a nan bireka na iya faɗuwa, ko ita kanta ta ƙone.

Abin da uwargida za ta iya yi da kanta, ba tare da sukundireba ba, shi ne gwaji na tsanaki sau ɗaya. Hannu a bushe, ƙafa da takalmi. A kashe duk bakunan kukar da makunninta na bango, a cire sauran manyan kaya daga soket, sannan a ɗaga birekar da ta faɗi. In ta ƙi tsayawa alhali komai a kashe, an gama, sai mai gyara. In ta tsaya, a kunna makunnin bango kaɗai a jira. Sannan baki ɗaya, minti biyar, a kashe, a koma na gaba, har a zo kan obin da gasa. A rubuta wanda ya kayar da wuta da bayan minti nawa. In kowane ya yi lafiya shi kaɗai amma suna faɗuwa in an haɗa biyu ko uku, kin riga kin san amsa: nauyi ne. Kada a danne bireka da hannu ko a tokare ta da tsinke, kada kuma a yi ta ɗagawa tana faɗuwa sau biyar sau goma. Kowace faɗuwa a kan haɗuwar waya tana cin cikinta.

A sa hanci ma a aikin. Sabuwar kuka takan yi ɗan hayaƙi da warin mai a kunnawar farko, wannan man da aka shafa mata ne a masana’anta ke ƙonewa, a buɗe taga zai wuce. A dai tabbatar an cire leda da kwalin da ke cikin obin. Amma warin roba mai ƙuna, ko wani ƙarni kamar na kifi da ke fitowa daga soket ko makunni alhali ba kifi a gidan, alama ce ta robar soket na dahuwa. Haka soket mai zafi in an taɓa, ko wanda bakinsa ya yi baƙi.

Wajen zaɓen mai gyara, ki dubi jakarsa kafin ki saurari bakinsa. Wanda duk abin da ya zo da shi testa ce mai ɗan haske da filaya da salatif ba zai iya gano yoyo ba, sai dai ya yi canke. Wanda ya san aiki yana da na’urar auna ƙarfin robar waya, wadda suke kira mega, da mai kama waya ta faɗi amfiyar da ke wucewa. Zai raba kukar da layinta ya auna kowane daban, ya gaya miki lamba, ya kuma auna ko ƙarfen ƙasa na gidan yana aiki. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, tana ba masu aikin wayarin takardar shaidar ƙwarewa, kuma ba rashin kunya ba ne maigida ya ce a nuna masa. Wayar kuma maigida ya bi a sayo tare da shi. Akwai ta jabu a kasuwa, wadda aka rubuta wa 6 amma cikinta bai kai ba, da wadda alminiyam ce aka shafa wa ruwan tagulla. A kankare sili ɗaya da wuƙa: in cikin fari ne, a ajiye musu kayarsu.

Tunda shafin lafiya ne, ga abin yi in tsautsayi ya faɗa. In wuta ta kama mutum, kada a cafke shi da hannu, za ta haɗa ku biyu. A kashe daga makunni ko babbar bireka. Shi ya sa ya kamata kowa a gidan, har ’yar aiki da manyan yara, ya san inda take, kuma kada a jibge kaya a gabanta. In ba a kai gare ta, a tsaya a kan busasshen abu a ture shi da busasshen itace, kamar taɓarya ko muciya. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya kira 112 ko ya nemo mota. Kada a ɗura masa madara ko manja, babu abin da suke yi wa wuta, kuma wanda bai farfaɗo sosai ba zai iya shaƙewa. Ko ya tashi ya ce garau yake, a kai shi asibiti in ya suma, ko yana jin ciwon ƙirji ko bugun zuciya ba daidai ba, ko akwai ƙuna, domin ƙunar lantarki takan fi zurfi a ciki fiye da yadda take a fata. Mai juna biyu da ƙaramin yaro kuwa a kai su ko da jan kaɗan ne. Ƙuna a sa ta ƙarƙashin ruwa mai sanyi na famfo minti 20, ban da man goge baki, ban da ƙwai. In kuma waya ce ta kama da wuta, ba a watsa ruwa sai an kashe wutar gidan.

Na san abin da mijin ƙanwarki zai ce: gidan haya ne, wa zai kashe kuɗin jan sabon layi a ginin wani? Magana ce mai ma’ana. A fara da yi wa mai gidan magana, don bangonsa da rufinsa ne ke cikin haɗari, wasu sukan yarda a cire daga kuɗin haya. Ba lallai a fasa bango ba, ana iya bin da wayar ta cikin farar robar da ake liƙawa a jikin gini. In duk ya gagara, a rufe babbar kukar a ajiye sai an koma inda ya dace da ita, a sayi ƙarama mai baki ɗaya ko biyu wadda jimillar wat ɗinta bai kai 3,000 ba, a sa ta kai-tsaye a soket ɗin bango ita kaɗai, sauran girkin a yi da gas. Aljihu ma zai sarara, domin baki mai wat 2,000 in ya yi awa ɗaya a ƙure ya cinye yunit biyu, kuma waɗanda ke rukunin Band A sun san yadda yunit ya koma tun ƙarin watan Afrilun 2024.

Ki ce ƙanwarki ta ɗauki hoton akwatin wutar a lokacin da ta faɗi, da hoton takardar da ke bayan kukar, ta nuna wa sabon mai gyara kafin ya taɓa komai. In akwatin nasu na da mai maɓallin T, ta danna shi sau ɗaya da rana tsaka: in lafiyarta ƙalau wuta za ta ɗauke nan take, sai a ɗaga. In an danna ba ta faɗi ba, ita ma a sa ta cikin abin da za a canza.